A Majalisarmu "Sashen Hausa" Suke Kirana

Shadda ce gezna, fara ƙal, yadi goma. Wani Alhaji da ya fi shekara goma yana kawo mini ɗinki ne ya aiko da ita, a yi masa babbar riga da 'yar ciki da wando na sallah. Azumin 2022 ne, an kai wajen goma. Na shimfiɗa ta a tebur, na ja alli, na ɗauki almakashi. Wayata kuwa tana jingine da gwangwanin maɓallai, tana nuna mini mutanen da aka sace a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, suna zazzaune a ƙasa cikin daji, masu bindiga tsaye a kansu. Tun sahur nake kallon bidiyon nan, na kalle shi ya fi sau goma, kuma babu abin da ya ƙaru a cikinsa. Duk da haka ido ɗaya na waya, ɗaya na shadda, hannu yana ta tafiya. Sai ji na yi yaron shagona ya ce, "Oga! Oga, tsaya!" Ko da na duba, na bar layin alli tun tuni. Na keta ƙyallen da zai zama gaban riga, a karkace, har kusan rabi.

Sama da shekara talatin ina riƙe da almakashi, ban taɓa irin wannan ɓarna ba, ko ina ɗan koyo. Da na je ba Alhaji haƙuri bai yi faɗa ba. Ya dai dube ni ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Duk ka zabge." Na ce, "Alhaji, ƙasar ce ba lafiya." Ya yi murmushi ya ce, "To, ƙasar ce ta yanka mini shadda?" Biya uku na yi kafin na sauke kuɗin. Maganar tasa kuwa ta bi ta bayan kunnena. Sai da aka yi abin da ya fi shadda.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ma tela ne, a Fagge. Yana da wata rediyo mai cin batir huɗu, har riga ya ɗinka mata da ragowar yadi. In ya dawo daga sallar asuba sai ya kamo Landan, da rana ya leƙa Kaduna, da daddare ƙarfe takwas da rabi ya sake komawa Landan, wani lokacin ya taɓa Jamus ko Amurka. Tun 1957 ake jin Hausa daga Landan, shi kuma yakan ce tare suka girma. Amma da zarar an gama shirin sai ya murɗa ta, ƙas, ya ɗora a kan kanta. Batir kuɗi ne. In ya yi sanyi ma a rana muke shanya shi ya ɗan farfaɗo. Ina tuna safiyar da sojoji suka kifar da Shagari, ranar ƙarshe ta 1983. Ya saurara har aka gama, ya ce "Allah ya kyauta", ya tofa bisimilla ya hau keke, don akwai kayan biki da ya yi alkawari. Na gaji keken, na gaji rediyon, amma hannun nan da ke kashe ta ban gaje shi ba.

Sana'armu ta hannu ce da ƙafa da ido. Kunne zaman banza yake yi, sai abin da ka zuba masa. Da aka buɗe Freedom Rediyo a 2003, daga baya tashoshin FM suka yi ta tsirowa a Kano, sai ya zama tun safe har dare akwai mai magana a shagona. Inda Ranka ba ya wuce ni, shirye-shiryen sojojin baka kuwa har na haddace muryoyinsu. A lokacin abin nishaɗi ne, ana ɗinki ana musu, kowa da gwaninsa.

Ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, komai ya sake. Bayan la'asar ne muka ji ƙarar farko, wani ya ce taya ce, wani ya ce taransifoma. Kafin a gama musu an ji ta biyu, ta uku, ga harbi, ga hayaƙi ya turnuƙe ta ɓangarori daban-daban na gari. Na kulle shago na taka da ƙafa har gida Kurna, waya ta ƙi shiga, ban san ko yarana sun dawo daga Islamiyya ba. Mutum fiye da 180 aka rasa a ranar, cikinsu har da ƙanin wani maƙwabcina da ya fita sayo maganin mahaifiyarsa. Aka sa dokar hana fita. Shekarun da suka biyo baya duk mutumin Kano ya san su: shingen sojoji, sauka a tura babur, harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, hana acaɓa, sai kuma Juma'ar nan ta 28 ga Nuwamban 2014 a babban masallacin cikin gari. Wannan tsoro na gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙira mini shi. Kuma a wancan lokacin jin labari kariya ne, shi ke gaya maka wace hanya aka rufe, ina za ka bi ka koma gida. Matsalata ita ce, Kano ta lafa, shingaye suka ragu, kasuwa ta koma ci har dare, amma kunnena bai taɓa samun labarin an lafa ba.

A 2014 ɗin nan na sayi babbar waya, irin ta shafawa. Ko wata uku ba ta yi a hannuna ba, cikin Agusta, wajen ƙarfe ukun dare, ƙanina ya kira ni. "Yaya, ku tashi ku yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin asuba, ku ɗan sha, an ce Ebola ta shigo." Ban tambayi wa ya ce ba. Na tashi maiɗakina ta hura gawayi, muka jera yara huɗu a tsakar gida muna kwara musu ruwan gishiri, suna kuka cikin magagin barci. Sannan na zauna na bi lambobin wayata ɗaya bayan ɗaya, na tashi gidaje kusan ashirin. Cutar nan wani mutum ne ya shigo da ita Legas daga Laberiya, mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, kafin ƙarshen Oktoba an ce an gama da ita, ko hanyar Kano ba ta kamo ba. Gishirin kuwa sai da ya kwantar da mutane a asibiti a wasu garuruwa, har aka rasa rai. Mu dai dariya muka yi ta yi a majalisa, ana tsokanar juna da wa ya fi shan gishiri. Ni ma na yi dariyar, ban ɗauki komai ba.

Daga nan guruf-guruf suka fara taruwa. Na dangi, na 'yan ajinmu na firamare, na ƙungiyar teloli, na masallaci, na unguwa, da wasu biyu da har yau ban san wanda ya jefa ni ciki ba. Duk saƙon da ya fara da "Innalillahi" ko "Yanzu-yanzu" sai na buɗe. Hari ɗaya za a kai a wani ƙauye na Zamfara ko Katsina, amma kafin azahar na gan shi sau ashirin: wannan da hoto, wannan da muryar wani yana haki, wannan an ninka adadin, wannan an haɗa shi da hoton wata shekarar. Kai ya san abu ɗaya ne. Zuciya ce ba ta iya lissafi ba, ashirin take ƙirgawa. Ga kuma halin waɗannan manhajoji, in ka tsaya a kan bidiyon gawa yau, gobe goma za su jero maka. Wata rana na karɓi wayar yaron shagona zan duba wani samfurin aiki, sai na ga shi tasa ba komai sai ƙwallo da 'yan barkwanci da masu koyar da ɗinkin zamani. Waya iri ɗaya, shago ɗaya, tsakanin kekena da nasa taku biyu ne, amma ba ƙasa ɗaya muke zaune ba.

Majalisarmu a gefen mai shayi take, bayan isha'i. Can aka laƙaba mini suna. Da na ɓullo sai wani ya ce, "To, ga Sashen Hausa nan ya iso. Yau mutum nawa?" Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji. Gani nake ni ne mai ido a buɗe, sauran barci suke. In wani ya kawo zancen bikin 'yarsa ko sabon shagon da ya kama, sai na ce, "Ana ta kai wa ke ta kaya? Ƙasar nan ta mutu, wanka da sutura suka rage." Ban lura ba mutane suka fara tashi da wuri. Wani dattijo da muke zama da shi ya koma shan shayinsa a gida.

A jiki kuwa abin ya daɗe da kama ni. Wayar a ƙarƙashin filo take kwana. Ƙarfe biyun dare zan farka haka kawai, in laluba ta, hasken ya dalle mini ido, in yi ta gungurawa har kiran assalatu. Kafin in taɓa buta na taɓa waya. In ta yi ƙara ina cin abinci sai gabana ya faɗi, loma ta tsaya. A salla ƙabli da ba'adi suka zama abokan tafiyata, don sau da yawa ban san raka'a ta nawa nake ba, ina can dajin Birnin Gwari. Yara suka koyi yin shiru in na shigo gida. Kuɗin data da nake sawa a mako ya isa cefanen kwana biyu.

Da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, sannan Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, na je na ɗauko babbar 'yata daga makarantar kwana, tana aji biyar, na ce ta gama kwana a wani wuri. Wannan ba zan ce laifi ne tsantsa ba, iyaye da yawa sun yi haka, kuma da dalilinsu. Laifina shi ne shekara guda ta yi a zaune ban nema mata ta jeka-ka-dawo ba, don a raina karatun ma ba shi da amfani a ƙasar da ta riga ta mutu. Na tuna an fara cewa 'yan matan Jangebe 317 ne, daga baya aka ce 279. Adadin farko ya shigo wayata ta kowace kusurwa. Gyaran, da labarin dawowarsu bayan 'yan kwanaki, da ƙyar na gan su sau biyu.

To, sai daminar 2022, wata huɗu bayan shaddar Alhaji. Ranar wata Talata aka kira maiɗakina daga Gumel aka ce jikin mahaifiyarta ya tsananta. Ta haɗa kaya a daren, da niyyar ta bi motar safe. Ina kwance ina gungura waya sai ga saƙon murya a guruf ɗin unguwa, wani yana cewa, "Jama'a a kula, a sanar da 'yan'uwa, hanyar Gumel ba ta biyuwa, yanzu-yanzu sun tare ta." Ga bidiyo a ƙasa, motoci biyu suna cin wuta, mutane suna gudu cikin gona. Na tashi zaune na ce mata ba inda za ta.

Ta ce, "Abban yara, ƙanwata jiya ta bi hanyar nan, lafiya lau ta isa."

Na ce, "Jiya ba yau ba ce." Na miƙa mata wayar. Ta kalla, ta miƙo mini, ba ta ce komai ba.

Direbobi nawa nake yi wa ɗinki? Akwai lambar aƙalla uku a wayata da ke bin hanyar nan kullum. Kira ɗaya ya isa. Ban kira ba, don a ganina na riga na gani da idona. Abin da na yi shi ne na tura saƙon zuwa sauran guruf shida, na ƙara da "Allah ya tsare". Laraba ta sake roƙona, na ce a bari ƙura ta lafa. Alhamis ta yi magana da mahaifiyar tata a waya, muryar ba ta fita sosai. Na ce in Allah ya kai mu Asabar ni da kaina zan raka ta. Asubar Juma'a wayarta ta yi ƙara. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin gado, ta ɗaura ɗankwalinta, ta warware, ta sake ɗaurawa, sannan ta jawo jakar nan da ta haɗa tun Talata, wadda ko zif ɗinta ba a buɗe ba.

Muka kama hanya. Mun wuce Gezawa rana tana fitowa, gero ya fitar da kai, gonaki kore shar har iyakar gani. Yara suna bin mota da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Wani tsoho a kan jaki, mata da ƙwaryar nono, motocin haya suna wuce mu an ɗaure awaki a sama. Ina ta baza ido in ga ƙonanniyar mota ko guda, ko baƙin toka a kan kwalta, wallahi har fata nake in gani. Babu. Da muka kusa Gujungu, tana kallon taga, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Ga hanyar nan, Abban yara." Iyakar abin da ta faɗa ke nan har muka isa. Mun tarar an gama sutura, ita ake jira. Aka buɗe mata fuskar ta gani. Ina zaune a zaure ina amsa gaisuwa na jiyo wata daga cikin gida tana cewa marigayiyar tun Laraba take tambaya ko motar Kano ta iso.

Bayan mun dawo na nuna wa yaron shagona bidiyon. Bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Oga, ai wannan ya daɗe. Bara ma an turo shi aka ce wata hanyar ce." Ya ƙara sauti ya ce in saurara da kyau. Masu ihun ba Hausa suke yi ba. Lambar motar ma ba irin tamu ba ce. Na zauna ina lissafin gidajen da saƙona ya shiga, ina tunanin ko akwai wata matar da aka hana tafiya saboda ni.

Ba a yi arba'in ba jiri ya ɗebe ni a kan keke. Mai kemis ɗin layinmu ya auna jinina, ya sake aunawa, ya ce in wuce asibiti yanzu, kada in hau babur. Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ta uku ba. Bayan ta rubuta maganin hawan jini ta tambaye ni awa nawa nake barci, da abin da nake yi in na farka. Na gaya mata, har da ɗan alfahari, na fara zayyano mata halin da ƙasa ke ciki. Ta bari na kai aya, ta ce, "Baba, akwai ɗan'uwanka a cikin waɗanda aka sace?" Na ce babu. "Akwai abin da za ka iya yi musu da ƙarfe biyun dare?" Na ce addu'a. Ta ce, "To, addu'a ba ta cin data."

Wadda ta fi girgiza ni dai Inna ce, mahaifiyata. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, "Tela" take cewa. Na je gaishe ta a tsohon gidanmu na Fagge, tana tsince wake a faranti, na fara waƙar tawa: ku kam kun more zamani, lokacinku ƙasa tana ƙasa. Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta.

Ta ce, "Wane zamanin? Tara na haifa, huɗu na binne. Biyu ƙyanda ce ta ɗauke su a wata ɗaya." Ta ce shekarar da aka kawo ta ɗaki aka yi farin nan, na 1973 ke nan, shanun mahaifinta suka ƙare a tsaye, mutanen arewa suka yi ta kwararowa Kano da ƙoƙo a hannu. Ta ce kafin nan ma kusan kowace damina kurkunu ke kwantar da rabin ƙauyensu, ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, gona tana can ciyawa na cinye ta. Ta tuna mini rikicin Maitatsine, Disambar 1980, 'Yan Awaki ga ta ga mu, yadda ta goya ƙanina ta riƙo hannuna muka fita cikin hunturu ba takalmi, muna tsallake abin da ta hana ni kallo. Ina da shekara biyar, abin da na riƙe kawai shi ne sanyi da ƙarar jirgin sama. Mutum sama da 4,000 aka ce sun mutu a Kano cikin kwanakin nan. Ta kawo layin sabulu da madara na 1984, soja tsaye da bulala. Ta kawo sanƙarau na 1996, wanda ya ɗauki autarta cikin kwana biyu. Duk waɗannan na san su, wasu ma a gabana aka yi. Amma a cikin kaina na share su tas, na bar wani "da" mai kyau wanda ba a taɓa yi ba, don in riƙa auna yau da shi.

Sai ta ce, "Bambancinmu da ku ɗaya ne, Tela. Mu mutuwar unguwarmu muka sani. In an yi rasuwa ka je gaisuwa, ka kai ɗan kunu, ka yi kukanka, a yi uku, a yi bakwai, a naɗe tabarma. Kai kuwa kullum a zaman makoki kake. Ba ka ga gawa ba, ba ka kai gaisuwa ba, kuma ba ranar tashi." Ta ci gaba da tsince wakenta. Can kuma ta ce, "Amma fa sace mutum a sa masa kuɗi kamar akuya, wannan kam ban tashi na gani ba. Babanku cikin dare yake tafiya Legas saro yadi, ban taɓa hana idona barci ba."

Gara da ta ƙara wannan, don ba na so wani ya ɗauka cewa nake komai lafiya. Ba lafiya ba. Wani maƙwabcinmu a hanyar Birnin Gwari aka ɗauke shi, a masallaci muka yi karo-karo, sai da aka sayar da gonar gadonsu kafin ya dawo, kuma har yau ba ya son a rufe ƙofa da ƙarfi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 a kan layin banki na yi shi. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun shekarar, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Janaretan shagona yanzu sai aikin sallah nake tayar da shi. Magidancin da ke kawo kala biyar na yara yanzu ɗaya yake kawowa, wani ma tsohuwar riga yake kawowa a rage wa ƙani. Wannan ba a waya na gani ba, a tukunyar gidana na gani.

Abin da na gane shi ne, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da ƙananan hukumomi 774 ba za a wayi gari ba a yi mugun abu a wani wuri ba, kuma wayata ta ɗauki alkawarin kawo mini kowanne har gado. Abin da ya gyaru kuwa ba ya ihu. A ajinmu na firamare mutum uku ne shan inna ta naƙasa, ɗaya da hannu yake tafiya. A ajin 'ya'yana babu ko ɗaya. Kano ce fa aka taɓa nunawa da yatsa a duniya kan wannan cuta. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an raba Najeriya da ita, kurkunun da Inna ke faɗa kuwa tun 2013. Ba wanda ya turo mini "Yanzu-yanzu" a kai. Ni da ake kira Sashen Hausa ban kai wannan labari majalisa ba, don ban ma ji shi ba sai daga baya.

Limamin masallacinmu, da na ba shi labarin Gumel, bai yi mini dogon wa'azi ba. Hadisi biyu ya karanto mini: cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, da kuma cewa wanda ya ce mutane sun halaka, to shi ne ya fi su halaka. Na san su tun ina Islamiyya. Ban taɓa zaton da ni suke ba.

Na sayi ƙaramar rediyo mai batir. Ina jin labarai da safe, ina ji da daddare, in an gama in kashe. Wayar kuwa in na shiga shago a cikin durowar zare take zama, yaro ne ke ɗauka in mai kaya ya kira. Na fita daga guruf huɗu. Na dangi ne ya gagara: ina fita, ko awa ba a yi ba gwaggona ta kira ta ce, "Gaba kake da mu?" Dole aka mayar da ni, na dai toshe masa baki. In an turo zancen hanya, direba nake kira. Sau da yawa sai ya ce, "Oga Tela, yanzu na sauke fasinja." Sau ɗaya kuma ya ce gaskiya ne, kada a bi, aka fasa.

Ba zan ce na warke ba. Daren da jirgin soja ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, Disambar 2023, kwana biyu na yi ina gungura waya ina hawaye, kuma ban ga laifin hawayen ba. Zanga-zangar Agustan 2024 ma, da aka sa dokar hana fita a Kano, na koma ruwa tsundum har mako guda. Maganin hawan jini dai ya zama abokin karin kumallo. 'Yata ta koma makaranta, a bayan 'yan ajinsu take da shekara ɗaya. Na roƙi maiɗakina gafara, ta ce kwana ne ya ƙare, ko ta je ba za ta ƙara mata minti ɗaya ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya, ko a cikin faɗa. Da ta riƙa goranta mini da ya fi mini sauƙi.

Kwanan baya na tashi cikin dare zan zaga, na hangi haske a ɗakin samari. Ɗana ne na biyu, shekararsa goma sha bakwai, ya lulluɓe da zani, hasken waya ya haske masa fuska. Da safe muna karyawa na ce masa ya batun jarabawar shiga jami'a, an fara sayar da fom. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Abba, karatun me? Ƙasar nan ai ta mutu, wanka da sutura suka rage." Har yadda yake jan "mutu" ɗin irin nawa ne. Uwarsa ta dube ni, ta ci gaba da zuba koko.

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Na ce ya sa takalminsa ya biyo ni shago, akwai kaftani shida da ke jiran maɓalli.